Gabon a Cikin Waya: Wa Ya Zaɓi Inda Za Ka Tsaya?

Sharhin namu na yau daga Libreville yake zuwa muku, babban birnin ƙasar Gabon, kuma batunsa wani irin hoto ne da ya bazu a intanet, wanda ido kaɗai ba ya isa a kalle shi sai an haɗa da yatsa. Ina nufin hoton zagaye, mai digiri 360. Ka ja shi dama ya bi ka, ka ja shi hagu ya bi ka. Ka tura sama ka ga gajimare, ka yi ƙasa ka ga yashin da mai hoton ya taka. Masu otal-otal da kamfanonin yawon buɗe ido sun rungume shi hannu bibbiyu, domin yana sa mutum ya ji kamar ya je wuri alhali yana kishingiɗe a kan tabarmarsa a Fagge ko a Maraɗi.

Bari in faɗi inda na dosa tun da wuri. Ba na cikin masu cewa abin nan ruɗi ne. Yana da amfani, ni ma ina aiki da shi. Sai dai 'yancin da yake ba mai kallo irin na akuyar da aka ɗaure a turke ne: ta juya gabas, ta juya yamma, duk inda ta ga dama, amma ba ita ta kafa turken ba. Wani ne ya zaɓi wurin da aka tsaya, da ranar, da sa'ar. Wanda bai san da haka ba sai ya ɗauka ya ga gari.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a 1787 wani mai zane ɗan ƙasar Ayilan, Robert Barker, ya yi rajistar fasahar zana gari a jikin bango mai da'ira, mai kallo ya tsaya a tsakiya. Da birnin Edinbara ya fara, sannan a 1793 ya buɗe gini na musamman a dandalin Leicester da ke Landan, mutane na biyan kuɗi su shiga su yi ta waige-waige. Kamfanin Apple ya shigo da ita kwamfuta a 1995 da manhajar QuickTime VR. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai da Google ya fito da Street View a watan Mayun 2007, ya fara da birane 5 na Amurka, motoci ɗauke da kyamara a kan rufi suna bin titi-titi. YouTube ya karɓi bidiyon zagaye a 2015, Facebook ya karɓi hoton a 2016, daga nan kuwa sai kowa ya samu.

Yadda ake haɗa shi ba wani siddabaru ba ne. Kyamarar tana da ido biyu ko fiye, kowanne na fuskantar nasa ɓangaren, su ɗauka a lokaci guda, sannan manhaja ta ɗinke gefe da gefe har ya zama ƙwallo guda, kai kana cikinsa. A wurin ɗinkin nan ne asiri kan tonu. In ka lura da kyau, za ka ga mutum da rabin jiki, ko babur mai gaba babu baya, ko igiyar lantarki da ta karye a sararin sama ta ci gaba daga wani wuri. Sannan akwai inda kyamarar ba ta iya gani, wato ƙarƙashinta. Nan za ka tarar an shafe da hazo, ko an liƙa tambarin kamfani, wani lokaci kuma babban yatsan mai hoton ne ko bakin takalminsa. Ni ina son leƙa wurin nan, don shi ne yake tuna mini cewa akwai ɗan Adam a bayan abin.

Ga wanda bai taɓa gwadawa ba, in a kwamfuta ne, ka buɗe taswirar Google, ka duba ƙasa ta hannun dama, akwai wani ɗan mutum-mutumi ruwan ɗorawa. Ka kama shi ka ja shi kan taswira. In a waya ne, sai ka taɓa alamar da ke canza fuskar taswira ka zaɓi Street View. Nan take za ka ga abu biyu. Akwai layuka shuɗɗa da ke bin tituna, waɗannan ana tafiya a cikinsu, ka taɓa kibiya ka matsa gaba, ka sake taɓawa ka ƙara matsawa. Akwai kuma ɗigo-ɗigo shuɗɗa, kowanne hoto ɗaya ne tak, sai dai ka tsaya ka juya, ba gaba ba baya. Ka ware yatsu biyu a kan gilashi ka jawo abu kusa, ka tsuke su ya koma.

To, wannan bambanci na layi da ɗigo shi ne ya kawo mu Libreville. Motocin Google sun shiga Afirka ta Kudu a 2010, gab da gasar cin kofin duniya. Sun shiga Botswana a 2012. A 2017 aka buɗe Gana da Senegal da kuma Legas. Ka ja ɗan mutum-mutumin nan kan Dakar ko Legas, tituna su yi shuɗi ko'ina. Ka kawo shi Libreville, abin da ya fi yawa ɗigo-ɗigo ne a warwatse, waɗanda ɗaiɗaikun mutane da masu sana'a suka ɗora da kansu. Kuma ba sai an faɗa maka inda suka fi taruwa ba. Duk inda baƙo mai kyamara da 'yan canji a aljihu yake zuwa, nan suke: babban titin bakin teku da itatuwan kwakwarsa, farfajiyar manyan otal, wuraren cin abinci, da farin yashin Pointe Denis da ke tsallaken ruwa.

Ba ƙarya aka nuna ba. Garin yana da kyau. An kafa shi a 1849 domin bayin da aka 'yanto daga wani jirgin fatauci, yana zaune a bakin inda kogin Komo ya buɗe baki ya shiga teku, tazararsa da layin da ya raba duniya biyu ba ta kai kilomita 50 ba. Cocin Saint-Michel da ke unguwar Nkembo, mai ginshiƙan katako da aka sassaƙa da hannu, ko kai ba Kirista ba ne sai ka tsaya ka yaba aikin. Amma Libreville ɗin da Bahaushe ya sani daban ce. Ita ce kasuwar Mont-Bouët, inda hanya tsakanin rumfuna ba ta wuce mutum biyu su gifta ba, ɗan dako na ihu a ba shi wuri. Ita ce Akébé da kwazazzabanta, da unguwannin da ake kira da lambar kilomita, PK5, PK8, PK12, da gidajen katako da kwano waɗanda 'yan gari ke ce wa mapane, inda in ruwan sama ya sauko sai a kwana ana kwalfa. Ita ce layin jiran kilando, wato motocin haya na bayan fage, da asuba. Waɗannan ba kasafai mai kyamara ke kafa sandarsa a cikinsu ba.

Kwanakin baya ina zaune a rumfar wani dattijo tela a gefen Mont-Bouët, mutumin Tawa, sai saƙo ya shigo masa ta WhatsApp daga ɗan ƙanwarsa a gida. Hoton zagaye ne na bakin ruwan Pointe Denis, haɗe da saƙon murya. Yaron na cewa, "Kawu, ashe aljanna kuke ciki kuka bar mu nan cikin ƙura? Bana da an gama girbi ina tafe." Dattijon ya tura tabarau kan goshi, ya sa babban yatsansa mai kanta saboda allura, ya ja hoton a hankali. Kwakwa ta wuce, teku ta wuce, kujerun hutu suka wuce, ya dawo inda ya fara. Ya yi shiru. Ya ce fiye da shekara ashirin yana garin nan, ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Sannan ya danna ya mayar da amsa: "Ɗana, wurin nan gaskiya ne, yana nan tsallaken ruwa, masu hutu ke zuwa. Amma ka sake juya hoton da kyau. In ka ga inda aka rubuta kuɗin hayar ɗaki da na katin zama, sai ka kira ni." Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Yana da hujja. Libreville na cikin biranen Afirka masu tsadar rayuwa, don yawancin abin da ake ci shigo da shi ake yi, daga Kamaru ko daga ƙetare. Baƙon da ba shi da katin zama kuwa kullum zuciyarsa na ɗar-ɗar, kuma tsofaffin 'yan ci-rani ba su manta da 1995 ba, shekarar da dubban baƙi suka tattara nasu ya nasu suka fice saboda wa'adin da gwamnati ta bayar a kan takardu. Ita kanta hanyar, ga wanda ba shi da kuɗin jirgin sama, sau da yawa ta ruwa ce, daga Kalaba ko Oron a cikin kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima, kuma teku ta ci mutane da yawa a tsakanin nan. Masu dogon tunani za su tuna jirgin Etireno, wanda ya taso daga Kwatano a 2001 da yara a ciki, aka hana shi sauke mutane a Libreville, ya yi ta gararamba a teku kafin ya koma inda ya fito. Duk juyin da za ka yi wa hoto, ba za ka ci karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Amma kada a ce na raina hoto. In akwai ƙasar da hoto ya canza wa ƙaddara, to Gabon ce. Daga 1999 zuwa 2000 wani Ba'amurke masanin daji, Mike Fay, ya yi tattaki a ƙasa na sama da kilomita 3,000, daga arewacin Kwango har bakin tekun Gabon, ya shafe sama da kwana 450 a cikin kurmi. Mai ɗaukar hoto Michael Nichols na mujallar National Geographic ya riƙa haɗuwa da shi a hanya. Da aka baje wa shugaba Omar Bongo hotunan, ya ga abin da ke cikin ƙasarsa wanda bai taɓa gani ba, sai a 2002 ya ayyana gandun daji na ƙasa har 13 a tashi ɗaya, kusan kashi 11 cikin 100 na faɗin ƙasar. Biyu daga ciki, Akanda da Pongara, suna nan a gefen Libreville. Lopé ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2007, Ivindo ta bi ta a 2021. A Loango kuwa giwa da ɓauna kan fito yawo a bakin teku, har dorina an ɗauka tana wasa da igiyar ruwa.

Ga irin waɗannan wurare hoton zagaye ya fi dacewa, domin zuwa can sai mai hali. Lopé sai ka hau jirgin ƙasa daga Owendo ka yi sa'o'i. Loango sai jirgin sama ko na ruwa zuwa Port-Gentil, sannan mota, sannan kwale-kwale. Yawancin 'yan Gabon ɗin ma ba su taɓa zuwa ba. Yaron makaranta a Katsina da bai san kurmi ba sai a littafi, in malaminsa ya miƙa masa waya ya ɗaga kai a cikin hoto ya ga itatuwa sun haɗe sama har rana ba ta ratsowa, ya ƙaru da abin da allo ba zai ba shi ba. A kan ƙasa irin Gabon da daji ya rufe kusan kashi 88 cikin 100, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Sai dai ko a nan, akwai abin da ke bayan mai hoton. Wani bincike da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta giwayen kurmi a Gabon sun kai 95,000, babu ƙasar da ta kai ta. Abin alfahari ne a hoto. Ga manomin ƙauye kuwa, dare ɗaya ya isa garke ya tattake masa gonar rogo da ayaba, ya tashi da safe ba shi da na shekara. Kukan manoma ya kai ga ana kewaye wasu gonaki da waya mai lantarki. Giwar da ke burge ka a waya ita ce ke hana wani barci, shi kuwa ba a cika kai masa kyamara ba.

Saboda haka kallon irin wannan hoto yana son wayo. Abu na farko da nake dubawa kwanan wata ne, yana nan a rubuce a gefe tare da sunan wanda ya ɗora. Hoton shekara bakwai da suka wuce ba shaida ba ne a kan yau, kuma hoton da mai otal ya ɗora da kansa talla ce, a karɓe ta a matsayin talla. Daga nan sai in juya baya gaba ɗaya, domin hoto kan buɗe ne a fuskar da mai shi ya fi so, abin da yake son ɓoyewa yana bayanka: kangon gini, kwata, injin janareto a ƙarƙashin taga. Ɗaki kuma kada faɗinsa ya ruɗe ka, idon kyamarar nan yana buɗa wuri. Wani abokina ya kama ɗaki a wani masauki a nan garin saboda a hoto ya ga kamar fili, da ya shiga sai da ya ɗora jakarsa kan gado kafin ƙofa ta rufu. Ka ƙirga tayil ɗin ƙasa, ko ka auna da faɗin ƙofa, sun fi faɗa maka gaskiya.

Ga wani abin da zai ba mutanen arewa mamaki. Mu a wurinmu rani shi ne rana ƙwal. A Libreville akasin haka ne. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, sama kan yi dususu-dususu, gajimare ya lulluɓe gari, ga sanyi-sanyi. Shuɗin saman nan mai ɗaukar ido da kake gani a hoto ya fi samuwa a watannin ruwa, tsakanin wannan hadari da wancan. Ruwan kuwa ba na wasa ba ne, yana kusantar milimita 3,000 a shekara, wajen ninki uku na Kano. Wanda ya ɗaure kaya saboda shuɗin sama, to ya sa laima a ciki.

Yanzu tambayar ita ce, tun da wani ne ke zaɓar wurin tsayawa, me ya hana mu zaɓa? Akwai wani ɗan Zimbabuwe, Tawanda Kanhema, mazaunin Amurka, da ya nemi gidansu na Harare a Street View bai samu ba. Bai tsaya ƙorafi ba. A 2018 ya ari kyamara, ya kashe kusan dala 5,000 daga aljihunsa, ya bi ƙasarsa a mota da keke da jirgin ruwa da ƙafa, ya ɗora. Wasu sun ce ai ya yi wa hamshaƙin kamfani aikin banza ne kyauta, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma yau ana iya bin titunan Harare daga ko'ina. Kuma ba Google kaɗai ba ne, akwai Mapillary, wadda aka kafa a Suwidin a 2013, Facebook ya saye ta a 2020, ita da hotunan jama'a take rayuwa. Kyamarar zagaye ta hannu yanzu kuɗinta bai wuce na waya mai kyau ba.

Hausawa sun fi shekara 100 a ƙasar nan. Ta Kamaru kakanni suka gangaro da fatauci, suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul a lardin Woleu-Ntem, jikokinsu 'yan Gabon ne haihuwa da takarda. Ina hoton unguwanninsu? Ina na sahun Juma'a a masallacin Hassan na Biyu, wanda Maroko ta gina a farkon shekarun 1980? Ina na layin teloli da masu tsire da masu turare a Mont-Bouët, kasuwar da gobara ta sha tashi a cikinta? Ba don 'yan yawon buɗe ido kaɗai nake wannan magana ba. Tun 2014 Street View ke ba mutum damar komawa baya ya ga yadda titi yake a shekarun da suka wuce, wato abin ya zama ma'ajiyar tarihi. Da gobara ta cinye kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, da yawa daga cikin layukanta sai a bakin masu ba da labari suka rage. Ganuwar Kano na zaizayewa muna kallo. Marinar Ƙofar Mata, hasumiyar Gobarau, masallacin Agadas, duk suna buƙatar wanda zai tsaya a tsakiyarsu ya ɗauka, ya rubuta kwanan wata, kuma ya zama wanda ya san abin da ya kamata a nuna.

Amma fa a yi da ladabi, don kyamarar nan ba ta da kunya, duk abin da ke kewaye da ita kwashewa take yi. Tun 2008 Google ke dusashe fuskokin mutane saboda ƙorafi. A Japan, a 2009, sai da kamfanin ya rage tsawon sandar kyamararsa ya sake ɗaukar tituna, domin tana leƙa tsakar gidajen mutane ta saman katanga. A Jamus kuwa, a 2010, gidaje sama da 240,000 suka nemi a shafe su. In Bajamushe ya damu da bangon gidansa, ina ga mu da muke da zaure da shamaki don kada baƙo ya ga iyali? Sandar da ta fi katanga tsawo ba ta da hurumi a unguwarmu.

A Libreville akwai ƙari. Cikin mutanen da za su faɗo a hotonka na kasuwa akwai wanda takardunsa ba su cika ba, kuma fuskarsa a intanet na iya jawo masa abin da ba ka nufa ba. Ka nemi izinin shugabannin kasuwa da na masu rumfa tukuna, ka bari wanda ba ya so ya kauce, ka dusashe fuskoki kafin ka ɗora. Masallacin Hassan na Biyu kuma yana dab da fadar shugaban ƙasa, ɗaukar hoton fada da barikin soja kuwa ba a wasa da shi a nan. Kyamarar zagaye ba ta san ta kau da kai ba, kana fuskantar masallaci tana ɗaukar abin da ke bayanka. Don haka in za ka ɗauka, ka shiga daga cikin harabar, kuma ka fara gaisawa da liman.